Hannuna a Famfo Goma Sha Ɗaya

Jama'a, ranar Litinin ɗin da ta wuce na tura baro da jarkoki shida na zagaya famfo uku, na dawo gida da su fayau yadda na fita da su. Ruwan da na samo bai wuce wanda ya jiƙa min bayan riga ba. Famfon farko na murɗa shi ya yi min tsaki. Na biyu ko tsakin bai yi ba. Na uku kuwa na tarar wani bawan Allah ya ɗaure akuyarsa a jiki, da na tambaye shi ko ana samun ruwa a nan, sai ya ƙare min kallo ya ce, "Baƙo ne kai?" Ina shiga gida maman yara ta leƙa cikin baron, ta ɗaga jarka ɗaya da ɗan yatsa, ta ce, "Sannu da yawon buɗe ido, maigida."

Rabona da irin wannan wahalar banza shekara biyu ke nan, kuma albarkacin ƙanwata ne, Auta. Malamar kwamfuta ce a wata makarantar sakandare, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, kuma duk basirar da aka ware wa gidanmu ita ta kwashe, ni aka bar ni da guduma da zarto. Ita ta haɗa wata manhajar waya mai suna "Ina Ruwa?" Aikinta ba wuya. Kowane famfon unguwa yana da hotonsa a ciki. Wanda ya je ya samu ruwa ya danna kore, wanda ya tarar da shi a bushe ya danna ja. Kafin ka ɗaga jarka ka san inda za ka dosa. Gidaje sun fi dubu huɗu da ke duba ta kowace safiya, har da waɗanda ba sa gaisawa da mu.

To ranar Asabar, kwana biyu kafin wannan yawon nawa, aka wayi gari manhajar ta ƙi buɗewa. Kar ku tambaye ni yadda abin yake a cikin waya, ni kafinta ne. Abin da na sani shi ne masu kasuwar manhajoji, wato inda kowa ke zuwa ya sauko da irin waɗannan abubuwa, sun turo wa Auta saƙo cewa an kai ƙararta. Wai ta saci hoto. Sun dakatar da manhajar, sun ba ta zuwa Juma'a: ko mai ƙara ya janye, ko su rufe ta gaba ɗaya, su kuma rubuta a jikin sunanta cewa ta keta haƙƙin mallaka.

Auta! Satar hoto! Wallahi da na ji sai da na yi dariya, don duk garin nan ban san mai tsoron hoton wani kamar yarinyar nan ba. Lokacin da take haɗa manhajar na ce mata, "Ke Auta, ga hotunan famfo nan birjik a intanet, ki kwasa mana ki huta."

Ta ce, "Yaya, in ka ajiye kujera a ƙofar shagonka ka shiga ciki, wani ya zo ya ga ba kowa ya ɗauka, me sunansa?"

Na ce, "Ɓarawo."

Ta ce, "To kowane hoto da mai shi. Wani ya ce a ɗauka kyauta amma a rubuta sunansa. Wani ya ce sai an biya shi. Wani ya ce a yi amfani da shi amma ban da kasuwanci. Wannan izinin shi ake kira lasisi, kuma sai ka karanta shi."

Ɗan ɗigon ruwan da ke fuskar manhajar ma sai da ta rubuta wa wanda ya zana shi, ta jira amsa mako biyu. Sauran hotunan kuwa da ƙafarta ta bi famfo-famfo tana ɗauka, wata uku cur. In wata mata ta fito a hoto sai ta nemi izininta, in ta ƙi ta goge. Ni kaɗai ne ba a nemi izinina ba, wai don hannuna kawai ya fito.

Wannan hoton shi ne wanda ake rigima a kansa. Famfon layinmu ne, wanda shi ne mai dama-dama a duk yankin, don yana kawo ruwa kwana huɗu a mako. A hoton ruwa yana zuba shar cikin shuɗiyar jarka, rana ta haske shi, hannuna na dama yana riƙe da kan famfon. Hannuna kuwa ba ya ɓuya. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake tun da guduma ta same shi shekara ashirin da suka wuce, farcen kuma baƙi ƙirin. Hoton ya yi kyau har Auta ta sa shi a shafin farko.

Masu ƙara kuwa ba wasu ba ne illa iyayen gidanmu, Hukumar Tabbatar da Ruwa Ya Kai Ko'ina, Allah ya ƙara musu lafiya da sababbin motoci.

Na ce wa Auta, "Ki cire hoton mana, a wuce wurin. Famfo ya ƙare ne a duniya?"

Ta ce, "In na cire na amsa laifi ke nan, Yaya. Makarantu biyu suna son in haɗa musu manhaja. Wa zai ba da aiki ga wadda aka rubuta ɓarauniya a jikin sunanta? Kuma hotona ne. Ni na tsuguna a cikin taɓo na ɗauka, kana ta min faɗa wai in yi sauri jarka ta cika."

Mai askin layinmu, wanda muke kira Lauya saboda ya taɓa yi wa wani alƙali aski sau biyu, ya ba da tasa fatawar yana riƙe da kan wani. Ya ce, "Maganar nan a fili take. Hannu naka ne, don haka hoto naka ne. Ka maka su duka a kotu, har ita Autar." Auta ta yi masa bayani cewa hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba. Lauya ya girgiza kai ya ce lallai an canza doka bai sani ba.

Ranar Talata muka shirya, na sa rigata ta zuwa ɗaurin aure, muka nufi ofishin hukumar. Gini ne na gani na faɗa, hawa uku, an jera motoci masu sheƙi a inuwa, wani yana ta goge su da busasshen tsumma. Aka tura mu hawa na biyu wurin shugaban sashen hotuna da kalanda, wanda kowa a ginin ke kira Mai Hatimi. Mutum ne mai kirki ƙwarai, don awa biyu kacal ya bar mu a tsaye. Muna shiga na ga hannuna a bango, a jikin kalandar hukuma, sama da watan da muke ciki. An buga masa jan hatimi a kusurwa.

Auta ta gaishe shi da ladabi ta faɗi abin da ya kawo mu. Ya jingina da kujera ya ce, "Malama, bari in tambaye ki. Famfon nan na waye?"

"Na hukuma ne, ranka ya daɗe."

"Ruwan da ke fita fa?"

Na yi caraf na ce, "Na Allah ne."

Ya harare ni ya ce, "Na hukuma ne. To in famfo namu ne, ruwa namu ne, ta ina hoton zai zama naki?"

Auta ta ciro wayarta ta nuna masa ainihin hoton, da ranar da aka ɗauka da wurin, duk a rubuce a jikin fayil ɗin. Ko kallon kirki bai yi masa ba. Ya ce, "Ina hatiminki?"

"Ba ni da hatimi, ranka ya daɗe."

"To kin gani! A ofishin nan abin da ba shi da hatimi bai faru ba. Abin da muka buga wa hatimi kuwa namu ne tun daga ranar."

Sannan ya ba mu labarin yadda ya kama ɓarauniyar da kansa. Wai a wayar matarsa ya ga hoton, a cikin manhajar, babu hatimi a kusurwa, nan take ya gane an kankare shi ne. Na so in tambaye shi me matarsa take nema a cikin manhajar neman ruwa, alhali mijinta yana tabbatar da ruwa ya kai ko'ina, amma Auta ta taka min ƙafa. A ƙarshe ya yi mana sassauci. Ya ce ta rubuto takardar ban haƙuri, ta cike fom ɗin neman lasisin amfani da hoton hukuma, kwamiti zai zauna a kai bayan wata uku.

A kan matakala Auta ta tsaya ta juya min baya tana gyara mayafi. Na san kuka take ɓoyewa, don tun tana ƙarama haka take yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunya, ga ni yayanta guda amma abin da na iya yi a ofishin bai wuce a harare ni ba.

Washegari muka koma, wannan karon neman ganin Babban Darakta. Aka zaunar da mu a ɗakin jira tun ƙarfe tara. Can wajen azahar wani dattijon masinja ya wuce mu yana nishi da jarka biyu, ya shiga bayin manya da su. Da ya fito ya matso kusa da Auta ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yata, ke ce mai abin nan na waya? Don Allah yaushe zai dawo? Kwana huɗu ke nan ina yawo da jarkokin ofis kamar mahaukaci." Auta ta ce ana dai ƙoƙari, Baba. Sai ya ɗauko wani ƙaton littafi mai sheƙi daga kan kanta ya ajiye min a cinya. Ya ce, "Rahoton ayyukanmu ne na bara. Ka ɗan rage zaman jira da shi. Akwai hotuna." Ya yi tafiyarsa.

Na buɗe. Shafi goma na farko hotunan manya ne suna yanka ƙyalle, suna gaisawa da juna, suna kallon wani rami da hular kwano a ka. Sai na iso babin sababbin famfunan da aka kafa a unguwanni goma sha ɗaya, kowanne da shafinsa da sunan unguwarsa. Na farko, ga hotonmu, shuɗiyar jarka da komai, amma an rubuta sunan wata unguwa da ban taɓa takawa ba. Na ce to, kuskure ne. Na juya shafi. Jarka ta zama rawaya, bangon baya ya zama fari, amma wanda ke riƙe da famfon yana da lanƙwasasshen ƙaramin yatsa da baƙin farce. Na ce ikon Allah, ashe akwai wani kafintan da guduma ta yi wa irin tawa. Na sake juyawa. Jarka ja, an dasa bishiyoyi a baya, an juya hoton na koma bahago. Tabɗijam!

Na dinga juyawa ina ƙirgawa. A hoto na bakwai an saka min agogo. A na tara an zura min awarwaro biyu, an rubuta a ƙasa, "Wata uwa tana godiya ga hukuma." Ni, mai gemu da jikoki biyu! Famfo goma sha ɗaya, unguwa goma sha ɗaya, duk ni ne na ɗebi ruwa, kuma ko sau ɗaya ba a tuna an miƙe min yatsan ba.

Na zunguri Auta na miƙa mata. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin, ta rungume shi a ƙirji, ta ce, "Yaya, in mun shiga kar ka ce uffan. In na dube ka, ka ɗora hannunka a kan tebur kawai."

Ƙarfe biyu da rabi aka kira mu. Babban Darakta yana zaune a bayan wani tebur wanda ni da na san katako na san an zuba dukiya a wurin. Bai ɗago ba ya ce, "Minti biyu gare ku."

Auta ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba jayayya na zo yi ba, sauƙi na zo nema wa kowa. Gobe zan tura wa masu kasuwar manhajoji amsata, da ainihin hotona mai ɗauke da rana da wurin da aka ɗauka. In magana ta yi nisa za a nemi hukuma ita ma ta kawo nata na ainihi." Ta buɗe littafin a gabansa. "Tun da famfo goma sha ɗaya ne, na san akwai ainihin hoto goma sha ɗaya, kowanne da ranarsa da wurinsa. Sai a haɗa duka a tura, magana ta ƙare."

Ya ɗago.

Ta ce, "In kuma hoto ɗaya ne, to nawa ne, kuma ni ba mai rowa ba ce. Zan rubuta wa hukuma lasisi kyauta. Sharaɗin kawai a jera duk wuraren da aka yi amfani da shi, shafi-shafi, ku sa hannu ku buga hatimi, ni kuma in saka takardar a manhaja don mutanen unguwannin nan su san inda famfunansu suke."

Sai ta dube ni. Na ɗora hannuna a kan tebur, dab da hoto na tara.

Jama'a, na ga mutane sun ga abin tsoro a rayuwa, amma ban taɓa ganin wanda ya kalli yatsana irin kallon da bawan Allahn nan ya yi masa ba. Ya dubi shafi, ya dubi hannu. Ya juya shafi, ya sake duban hannu. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki amma gumi ya tsattsafo masa a goshi. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, mayar da hannunka aljihu."

Ya danna ƙararrawa aka kira Mai Hatimi. Ya shigo da fara'arsa, ya ga littafi a buɗe, ya gan ni, nan da nan ya sha jinin jikinsa. Abin da aka faɗa masa ba zan rubuta a jarida ba, yara suna karantawa. Abin da zan shaida shi ne an gano cewa duk abin kuskuren kwamfuta ne, kuma za a hukunta kwamfutar. Takardar janye ƙara kuwa, wadda kwamiti zai yi wata uku yana nazari, an rubuta ta, an sa hannu, an buga hatimi, an tura cikin minti goma sha biyu. Ina da agogo, na duba. Nawa na gaske, ba na hoto na bakwai ba.

Da za mu fita Babban Darakta ya ce a bar masa littafin, wai kwafi ɗaya ne ya rage. Auta ta ce ba komai, ranka ya daɗe, ai littafinku ne, haƙƙin mallakarsa naku ne.

Ranar Juma'a da hantsi manhaja ta dawo, sunan Auta fes babu tabo. Matan layi suka cika gidanmu suna yi mata barka, maman yara har da guɗa. Lauya ya ce dama shawarar da ya bayar ke nan, ba a fahimce shi ba ne. Ni kuwa na yi ta yawo a tsakar gida ina jin kaina, har na fara tunanin ko in bar kafinta in koma harkar shari'a.

Asabar da safe, ranar da famfon layinmu ya fi kawo ruwa, muka ji ƙarar mota. Ma'aikatan hukuma ne, mutum shida da injin walda. Tun da aka kafa famfon nan ba su taɓa leƙo shi ba, ko ranar da ya fashe ya yi mako yana ambaliya. Cikin awa biyu suka kewaye shi da kejin ƙarfe, suka garƙama kwaɗo, suka kafa allo: "Kadarar hukuma. An dakatar da amfani da wannan famfo har sai an kammala bincike kan haƙƙin hotonsa. An hana ɗaukar hoto." Suka shiga mota suka tafi. In ka kara kunne a jikin kejin kana jin ruwa yana huci a cikin bututu.

Matan da suka zo barka jiya suna tsaye da bokitai a layi, duk mu suke kallo. Auta ta daɗe riƙe da wayarta, famfon layinmu yana nan kore a manhaja tun da aka danna shi da asuba. Na matsa kusa da ita na ce, "Ki bar shi kore ko na yau ne, Auta. Ai akwai ruwan, ba ƙarya kika yi ba. Kar a ce mu muka jawo."

Ta ce, "Mu muka jawo, Yaya. Kuma in na bar shi, wata za ta taso daga nesa da goyo a bayanta."

Ta danna ja da hannunta. Sannan ta karɓi bokitin wata tsohuwa ta ce, "Taho, Inna, akwai kore a bayan makarantarmu, ni zan ɗauko miki."

Ni dai da kowa ya watse na tsaya na duba aikin da idon mai sana'a, kuma gaskiya ɗaya ce, dole in yaba. Waldar ta kamu, ƙarfen mai kauri ne, ƙofar ba ta karkace ba, kwaɗon kuwa ko ni ban taɓa saka wa kowa irinsa ba. Saboda haka duk mai cewa hukumar nan ba ta iya aiki ba, ya zo layinmu in nuna masa da idonsa. Ya dai taho da ruwan shansa, ya kuma bar wayarsa a gida.